Haƙarƙarin Kamiyo da Gishirin Inna Hajo

Shekaranjiya na bi ta bayan tsohuwar tasha zan je sayen magani, sai na tarar masu sayen tsofaffin ƙarafa suna yanka wata kamiyo da wuta. Irin motocin sojan nan ne na da, masu dogon hanci da manyan ƙafafu, waɗanda ake sayar wa ƴan kasuwa in sun gama aikin bariki. Sun riga sun cire mata kai, sun zube ƙarafan da ke ɗaga tamfol a gefe, wani kan wani kamar karan dawa. Ban san sa'ad da na duƙa ba, na shiga shafa ƙafar kowanne ina neman igiya. Ɗaya daga cikin masu yankan ya ɗage gilashin fuskarsa ya ce, "Baba, wani abu ne ya faɗi?" Na ce a'a. Na miƙe na wuce, har na iso gida ban tuna da maganin ba.

Yanzu in ka tsaya a hanyar gada za ka ga manyan motoci sun yi layi har inda ido ya gaji, kowace ɗauke da akwatin ƙarfe a kulle. Direba yana cikin kai yana danna waya, ko ruwa ya zo ko bai zo ba, kaya ba su sani ba. A zamaninmu babu abin da ke tsakanin kayan mutane da sama sai tamfol, saboda haka duk wanda ke cin abinci a mota ya iya kallon gabas. Kuma mota tana da murya. Tun da sassafe za ka ji ana juya hannun tayar da inji, tana tari kamar tsohon da ya kwana da mura, sannan ta kama. In ta hau hanyar ja, tamfol yana faf-faf, sarƙar ƙofar baya tana kacau-kacau, mutanen ƙauye kan san motar wane ce tun ba ta ɓullo ba. Yau duk kukansu ɗaya ne a kunnena.

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da irin wannan kamiyo, shi ne kuma direbanta. A gidansa na zauna da aka turo ni Gaya karatun kwaleji. Ni yaro ne marar magana. In aka yi baƙi sai in sulale ɗaki, in aka tambaye ni abu a gaban mutane sai harshena ya yi nauyi. Amma kayena na lakwal, wato littattafan rubutuna na makarantar boko, babu ɗigon tawada ko ɗaya, kowane kanu sai na ja masa layi, takalmana ma a jere nake ajiye su, hanci da hanci. Matan gidan kan ce da ana auren tsafta da na riga kowa yin aure.

Aparantin motar, wato yaron mota, sunansa Baba Gado, mutumin wajen Zabori. Ya girmi Kawu nesa, amma bai taɓa zama direba ba saboda ido. Na hagu ya yi fari, na dama kuma yana bin sa sannu a hankali. Da hannu da kunne yake aiki. Yakan ɗora tafinsa a kan inji ya ce wa Kawu, "Maigida, ƙishirwa take ji," a duba a tarar haka ne. Shi kaɗai ne a gidan bai damu da shiruna ba. Mushe yake ce min, yadda ake kiran malaman lakwal, kamar na riga na zama malami. In yana gyara sai in zauna kusa da littafina, ya riƙa yi wa motar magana, ni kuma ina sauraro da rabin kunne.

Ƙarafan tamfol ɗin guda biyar ne, Baba Gado yana kiran su haƙarƙari. Kowanne lanƙwasasshe ne kamar baka, yana da ƙafa biyu da ke shiga ramukan ƙarfe a gefen bodi, ɗaya hagu ɗaya dama. In an kafa su aka ja tamfol a kai, sai bayan motar ya zama ɗaki, ruwa ya gangare ta gefe. In kaya dogaye ne sai a zare su, a jera a bayan kai, a ɗaure. Abin da Baba Gado ya yi suna da shi a tasha shi ne saurin kafa su. Kafin mai shayi ya gama zuba kofi uku ya kafa biyar ɗin ya ja tamfol, ido a rufe ma in an so. Na sha ganin yana zura hannu a ƙafar kowanne kafin ya ɗaga, inda aka ɗaura wata igiyar fata mai ƙulle-ƙulle, baƙa ƙirin da mai da dauɗa. Ni a zatona laya ce, irin camfin mutanen da ba su shiga lakwal ba. Ban tambaya ba. Ban iya tambaya ba.

A ɗan hutun da ake ba mu gab da damina Kawu ya sami aikin kai azara Yelu, in ya dawo ya biya ta fadamar Foga ya ɗauko gishirin mata zuwa kasuwar Gaya. Ya ce zan bi su, don kada takarda ta cinye min ido ni ma. Ana gobe tafiya, da rana, Baba Gado ya zare haƙarƙarin ya shimfiɗa su a tsakar gida, tunda azara ba ta shiga ƙarƙashinsu. Sai aka aiko masa wani mutumin garinsu ya rasu a unguwar masunta, za a kai shi bayan la'asar. Ya goge hannu a wando ya ce, "Mushe, jera min su bayan kai yadda suke kwance ɗin nan, ka ɗaure, ka ɗora tamfol a kai. Kada ka yi musu karatu." Ya yi dariya, ya fita.

To ni kuwa na riga na yi musu karatu. A akwatin kayan gyara na taɓa tsintar wani ɗan littafi da Faransanci, na sojojin da suka fara riƙe motar, duk ya sha mai, da zane-zane a ciki. Na karanta shi daga bango zuwa bango. Ya ce haƙarƙarin duka ɗaya suke, kowanne yana shiga kowane rami, a riƙa tsabtace su don kada su yi tsatsa. Da na ga an bar ni da su, sai raina ya ce yau zan yi wa tsohon nan abin da zai gode min. Na ɗebo kananzir da toka da sabulu. Na sa reza na yanke igiyoyin nan biyar. Na wanke ƙarafan ɗaya bayan ɗaya, na jingina su a bango su bushe, ban kula da wanda ke gaba da wanda ke baya ba. Da suka bushe na jera su bisa tsawo, na rubuta musu lamba da alli, ɗaya zuwa biyar, da rubutuna mai kyau. Na ɗaure su bayan kai, na naɗe tamfol na rufe. Igiyoyin kuma, da yake ba na yar da komai, na sa su a gwangwanin da nake ajiye alƙalumana. Ranar na ci tuwo da daɗi.

Mun sauke azara a Yelu da hantsi, muka gangara fadama. Wanda bai ga Foga a lokacin ba ba zai gane ba. Hayaƙi ta ko'ina, ƙasa fara-fara kamar an barbaɗa gari, mata suna kankare ta, suna tace ruwanta a kwanduna, suna dafawa a kan wuta tun safe har rana ta faɗi. In gishirin ya kama sai a naɗe shi cikin kaba, ƙunshi-ƙunshi, dogaye kamar kamu biyu. Aikin rani ne gaba ɗaya, ruwan farko na sauka ya ƙare. Mata shida ne suka yi jiranmu, babbarsu Inna Hajo, doguwa, baƙa, tafin hannunta duk ya tsage. Tana ganina ta riƙe haɓa.

"Wannan ango daga ina? Maigidana, ba ka gaida matarka?"

Na sunkuyar da kai, mata suka kwashe da dariya.

"A bar min shi haka," in ji ta. "Na gaji da maza masu baki. Zo ka kama min wannan, a hankali, cikin jikokina ne ka ɗauka."

Ba wasa take ba. Ɗanta ya rasu ya bar mata yara uku, kuma ba ta da gona mai kirki. Gishirin nan za ta kai Gaya ta musanya da hatsi, shi za su ci har sabon gero ya nuna.

Da aka gama lodi Baba Gado ya tsaya ya juya fuska gabas, yana shaƙar iska. Ya ce, "Maigida, mu kafa haƙarƙari."

Kawu ya dubi sama, fes take. "Kai da ba ka gani, kai ne kake ganin hadari? Bar mata su sha iska. In ya taso, kai da kake kafa su kafin a sha shayi?"

Mata suka hau kan kaya, muka tashi.

Mun ci fiye da rabin hanya sai iska ta canja. Gabas ta yi baƙi kamar gindin tukunya, giginyu suka fara kaɗa kai. Kawu ya taka birki ya yi tsawa, "Gado!" Tsohon ya riga ya dira. Ya yaye tamfol, ya kwance ɗauri, ya zura hannu a ƙafar na farko. Ina tsaye kusa da shi, ina jiran ya ga aikina. Hannun ya sauka har ƙasa, ya dawo. Ya koma kan na biyu, ya sauka, ya dawo. Ya kai yatsunsa hanci ya sansana. Sai ya juyo da farin idon nan wajena ya ce, a hankali, yadda ba wanda ya ji sai ni, "Mushe."

A nan ne na gane abin da littafin bai sani ba. Littafin na sabuwar mota ne. Wannan kuwa ta shekara da shekaru tana faɗawa ramuka, bodinta ya buɗe a wani wuri ya matse a wani, kowane haƙarƙari ya karkace daidai da raminsa, ba ya shiga na wani, kuma ba ya shiga in an juya shi. Igiyoyin su ne rubutun Baba Gado. Ƙulli ɗaya na gaba ne, ƙulli biyar na baya, kuma ƙafar da ke da igiya ita ce ta ɓangaren direba. Lambobina na alli ƙarya ce tun farko, ɗigon ruwan farko ma ya wanke su.

Ya gwada. Ya sa ƙafa ɗaya ta shiga, ɗayar ta tsaya a sama da tazarar yatsa huɗu. Ya cire, ya juya, ya kai rami na gaba. Kawu ya zo da guduma yana duka yana zagi. Ɗaya ya shiga da ƙyar a karkace, sauran suka ƙi. Ruwa ya tsuge. Aka ce a ja tamfol haka nan a kan kaya, amma igiyoyinsa an yanka su ne daidai tsayin haƙarƙari, sai ya yi sako-sako, iska ta riƙa shiga ƙarƙashi tana ɗaga shi kamar zani. Mata suka kwanta a kan bakinsa suna salati. Inda ya lotsa ruwa ya taru, tsohon tamfol ne, ya shiga tsiyaya kai tsaye cikin gishiri. Ni ban san abin yi ba, sai na tuɓe rigata ta lakwal na shimfiɗa a kan wani ƙunshi na Inna Hajo na kwanta a kai. Rigar ba ta tare komai ba.

Da ruwa ya tsagaita, abin da nake ji har yau shi ne ƙarar ruwan da ke zuba daga ƙarƙashin bodi. Inna Hajo ta sauko ta tara tafin hannu, ta kai baki ta ɗanɗana. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin hanya cikin taɓo ta miƙe ƙafafu. Ƙunshin da aka loda da nauyi, yanzu in ka ɗaga sai ya lanƙwashe a hannu.

Kawu ya juya kan Baba Gado a gaban matan. Ya ce shekara nawa yana rufa masa asiri, mutane suna cewa ya ɗauki makaho aparanti yana musu, ga shi yau ya kunyata shi. Sai ya waigo ni. "Kai da ka jera su jiya, ka taɓa wani abu?"

Gwangwanin yana cikin aljihun wandona, ina jin sanyinsa a cinya. Na buɗe baki. Na ga idanun mata shida a kaina. Na dubi ƙasa.

"Mi ya sani ga mota?" in ji Baba Gado. "Bar yaro da takardunsa. Idona ne, Maigida. Ya ƙare."

Kawu ya ba matan hatsi daga rumbunsa, abin da bai kai ko kwata na asararsu ba. Labari ya zaga tasha, matan Foga suka daina jiran motarmu. Kafin mako ya zagayo Kawu ya sallami Baba Gado. Ranar da zai tafi ya ɓata safiya guda yana gwada haƙarƙari rami bayan rami har ya gano wurin kowanne, ya yaga tsohon rawaninsa ya ɗaura musu sababbin ƙulli saboda wanda zai gaje shi. Ina leƙensa ta tagar ɗaki. Ya naɗe tabarma, ya ɗauki buta, ya tsaya a ƙofata ya ce, "Mushe, a yi karatu da kyau." Na ce to. Iyakar abin da na ce ke nan.

Na yi karatun. Na zama mushe na gaske, aka yi ta yawo da ni ƙauye-ƙauye, gwangwanin yana bin akwatina. Ina koya wa yara cewa in ba ka gane abu ba ka ɗaga hannu, in ka yi laifi ka faɗa, ina faɗa ina jin bakina yana ɗaci. Sai da aka kai ni wata makaranta kusa da Junju, lokacin Kawu ya rasu, motar ta zama wurin kwanan kaji, sannan na hau keke wata Lahadi na nufi Zabori.

Na same shi a gindin bishiyar bedi yana tufka igiya, ido ya tafi gaba ɗaya. Na yi sallama, ya karkata kunne. "Wannan sallamar da ba ta fita daga maƙogwaro, Mushe ne." Na durƙusa, na zuba masa igiyoyin a tafi. Ya bi su da yatsa, ɗaya ɗaya, yana murmushi.

"Ga na uku. Shi ne mai taurin kai. Tun ranar da muka faɗa rami a hanyar Yelu ƙafarsa ta karkace."

Na ce, "Baba, ni na yanke su."

"To da wa? Ƙarfe yana ƙamshin sabulu. Duk Gaya wa zai yi wa ƙarfe wanka in ba ɗan lakwal ba?"

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya ɗauka a kansa. Ya ce Kawu mutum ne mai zuciya, da ya ji gaskiya a ranar da ƙauye zai mayar da ni, karatu ya ƙare. Shi kuwa idonsa ko yaya bai fi damina ɗaya ya rage masa ba. Na roƙe shi gafara. Ya lalubo kaina ya dafa.

"Nawa na yafe tun a kan hanyar. Amma gishirin ba nawa ba ne, Mushe. Mai shi tana nan da rai, na ji."

Wata biyu ina ɗagawa kafin na tafi Foga. A hanya na shirya maganar kamar darasi, da farko da tsakiya da ƙarshe. Na same ta a ƙofar bukka, ta ranƙwafa, ta daina dafa gishiri sai tufkar kaba. Na fara bayanin ko ni wane ne, ban kai rabi ba ta tafa hannu.

"Maigidana mai tuɓe riga! Ku fito ku ga mijina ya dawo!"

Maƙwabta suka taru. Ta ba su labarin yaron da ya kwanta tsirara cikin ruwa a kan gishirinta, alhali bai haɗa komai da ita ba. Ta ce irin waɗannan ƴaƴan ake so a haifa. Aka kawo min fura. Sai ta shiga ba ni labarin daminar nan, ba da ƙorafi ba, kamar mai faɗin abin da ya sami wata. Sun ci ganyen tafasa har cikin yara ya ƙi karɓa. Ta sayar da akuyarta. Ƙaramin jikan, da ta ga yana ramewa, ta ba dangin uwarsa a hayin kogi, kuma bai sake dawowa hannunta ba, yanzu ko harshenta ba ya ji sosai. Sannan ta ce, "Makahon nan ne ya ja mana. Na daɗe ina jin haushinsa. Amma tsufa ya zo, Allah ya yafe masa."

Mutane suka ce amin. Idanu suna kaina, kamar na waccan ranar. Darasin da na shirya yana nan a bakina, daga farko har ƙarshe. Na dubi ƙasa, na ce, "Amin."

Da zan tafi ta sa aka ɗauko ƙunshin gishiri guda daga na jikarta, ta ɗaura min a bayan keke da hannunta, ta ce miji ba ya komawa gida hannu wofi.

Ban iya ci ba, ban iya bayarwa ba. Na rataye shi a ɗakin da nake karatu. Gishirin Foga yana jin damina ko yana cikin ɗaki, duk shekara sai ya yi gumi ya ɗiga a ƙasa, ya rage. Na yi ta cewa in hutu ya zo zan koma, har labari ya zo ta rasu, shekara guda bayan rasuwar Baba Gado. Yanzu kabar ce kawai a rataye, ba nauyi, iska tana juya ta. Matata ta gaji da tambayar amfaninta.

Ga shi yau na faɗa. Ba makaho ba ne, Inna, ni ne. Na faɗa ta hanyar da na iya, a rubuce, da layi a ƙarƙashin kanu. Su biyun kuwa babu wanda ya iya karatu.